Dila da Waƙar Hanyar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Dila malamin daji ya share hanyar rafi, ya ce kyauta ce, kowa ya bi, kowa ya gyara. Amma waƙar da ya tsara mai kwatanta hanyar, ya hana a sauya mata ko kalma ɗaya.

Da rafi ya ƙafe, Gyado ya haƙa rijiya, ya karkata hanya zuwa can. Ya ce, "Malam, a gyara waƙa mana."

Dila ya ce, "Hanya taku ce, waƙa tawa ce."

Ashe mahaifiyar Dila ba ta gani, da waƙar take zuwa ruwa. Ta bi ta tiryan-tiryan, sai ga ta a busasshen rafi. Can Kunkuru ya tsince ta, harshe a waje, ya ja ta har rijiya.

Da ta sha ta farfaɗo, ta sami Dila ta ce, "Ɗan nan, waƙarka ta kusa kashe ni."

Dila ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Inna, na saki. Kowa ya gyara."

Gyado ya ce, "Ai Malam, tuni sabon baitin yana bakina!"

Ƙurunƙus kan ɓera, ku sha ruwa ku huta.