Barewa da Masakin Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso ta wannan gefe, hayaƙi ya bar idonku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata Barewa ce, uwar garke. A dajin nan kaf ba wanda ya taɓa bin ta ya ga wani abu ban da ƙura. Gadon gida ne, uwarta ta riƙe garke, kakarta ta riƙe. Aikin uwar garke sau ɗaya yake zuwa a shekara, amma da nauyi. Idan rani ya yi tsanani tafki ya ƙafe, dole garke ya ƙetare wani faƙo zuwa gulbi, faƙon kuwa na Kura ne. Sai uwar garke ta fita ita kaɗai ta nuna kanta, Kura ta bi ta, ta yi ta ja mata rai har tsofaffi da masu ciki da ƙanana su wuce. In ƙafarta ta gaza, da ita za a fara, sannan a koma kan garke.

Ban da gudu, uwarta ta bar mata abu biyu, don ita uwar ta ga shekarar yunwa da idonta. Ba a barin abinci a ƙwarya, ba a kuma mayar da hannun kyauta baya. Barewa tana taƙama da waɗannan kamar yadda take taƙama da ƙafarta.

Ana nan sai Gizo ya kafa rumfa a mararraba, inda hanyar tafki ta haɗu da ta kasuwa. Ƙosai, soyayyar doya, dankali, duk sun sha mai, an barbaɗe su da gishiri da yaji, ga zoɓo mai zaƙi har maƙogwaro. Ƙoƙi matarsa tana suya a baya, shi yana gaba yana kiran mutane. Abin da ya ja jama'a shi ne sauri. Kafin ka gama sallama an zuba maka.

Gizo kuwa mai lura ne. Ya san Zomo da arha ake kama shi, Biri da zaƙi, Barewa kuma da mutuncinta.

Ran nan ta zo wucewa, ya tare ta da tsamin bakin nan nasa.

"Bayewa, ranki ya daɗe, uwar garke. Kya wuce rumfata ko ɗanɗanawa babu?"

Ta ce, "Zuba mini a ƙoƙo, sauri nake."

Ya cika ɗan ƙoƙo, sannan ya danƙo ƙosai ya ɗora a kai. "Wannan gyara ne, don girmanki."

Ta cinye ƙoƙon ta ƙoshi. Ta dubi gyaran. Kyauta ce. Ta cinye, ta yi godiya, ta tafi.

Da ta sake zuwa ta ce a zuba mata a ƙoƙo, Gizo ya tafa hannu. "Ayya, ƙoƙunan duk sun fashe. Sai ƙwarya. Abin da za ki ƙara bai taka kara ya karya ba, ki ga yawansa." Ya cika ƙwarya, ya ɗora gyara. Ta ci ta ci, ta kai rabi, ta ce a ba ta ganye ta ƙunshe saura ta kai gida.

"Nan ake ci, ranki ya daɗe. In ya huce ya ɓata mini suna. In kin gaji ki bari, a zubar."

"A zubar?"

"To ya za a yi? Ni dai na ji an ce a gidanku ba a barin abinci, amma ƙila zamani ne ya canja."

Ta gyara zama. Ta share ƙwaryar tas.

Zuwa na uku, ƙwaryar ma ta ɓace. Masaki ne a jere, irin wanda ake wa jariri wanka a ciki. Gizo ya ce yanzu wannan ne ƙarami. Ya cika, ya ɗora gyara, ya kawo zoɓo a tulu, don gishirin nan ba ya barin mutum ya tashi bai sha ba.

Iya, ita ba ta gane ba?

Ta gane mana, Ladidi. Ganewa daban, tashi daban. Harshe ya riga ya saba. Ciyawar da ta girma da ita ta koma mata salam. Da hantsi ya yi sai ta ga ƙafarta ta kama hanyar mararraba, ba tare da ta aike ta ba.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Zabuwa ta daina hawa reshe. Kurege ya zo shiga raminsa ya maƙale, kai a ciki gindi a waje, sai da 'ya'yansa suka ja shi. Barewa kuwa wuyanta ya yi taiɓa, in ta yi tsalle sai ta ji ƙasa ta karɓe ta da wuri.

Akwai wata tsamiya daura da rumfar. Kura ta mai da gindinta wurin hutawa. Ba ta sayen komai, kallo kawai take. Wata rana da Barewa ta taso daga masaki, Kura ta gaishe ta da fara'a.

"Ƙanwata, kin yi kyau. Jiki ya karɓe ki."

Barewa ta kama hanyarta. Kura ta miƙe tsaye.

"Ya tafki? Na ji an ce ya fara ja baya. Zo mana mu ɗan motsa jini."

Kura ta zabura. Barewa ta zura da gudu, ta nemi gudun da ta sani ta rasa. Numfashi ya tsaya mata a ƙirji. Kafin ta kai ga sarƙaƙiya ta ji haƙori a wutsiyarta, ta fizge, rabin wutsiyar ya zauna a bakin Kura. Kura ba ta ma ci gaba da bi ba. Ta tsaya tana taunawa, ta ɗaga murya ta ce, "Wannan ɗanɗano ne. Allah ya kai mu rani."

Kashegari Barewa ta kai ƙarar Gizo wurin Dila, malamin daji, mai shari'a. Dabbobi suka cika wurin, yawancinsu sai da suka huta a hanya.

Ta faɗi komai, ba ƙari ba ragi: ƙoƙo, ƙwarya, masaki, gyara, da hana ta ganye.

Dila ya ce, "Gizo, ka ji."

Gizo ya gyara hula. "Allah gafarta Malam, a tambaye ta. Na ɗaure ta? Na ɗura mata? Hannu nata, baki nata, ciki nata. Ni ɗan kasuwa ne, abin da ake so nake sayarwa. Ranar da na fito da masaki, layi har bakin tafki. Ga Zomo nan, shi ya ce mini Allah ya yi albarka. In mutum ya sayi wuƙa ya yanke, maƙeri za a kama?"

Zomo ya sunkuyar da kai.

Dila ya ce, "Wannan magana ce. Ina ƙoƙunan?"

"Sun fashe."

"Duka?"

"Duka, rana ɗaya. Ni ma abin ya ba ni mamaki."

Dila ya dubi inuwa, ya ga azahar ta yi, ya ce shari'a ta tashi ta koma gidan Gizo. Gizo ya ce gidan ba shara, ya ce hanya akwai ƙaya, ya ce Ƙoƙi ba ta jin daɗi. Dila bai ko waiwaya ba.

Suka tarar da 'ya'yan Gizo a zaune a tsakar gida, kowa da ɗan ƙoƙonsa, tuwon dawa da miyar zogale, daidai ciki. Ga sauran ƙoƙuna an kife su a kan danga.

Dila ya ce, "Ƙoƙi, sannu da aiki. Waɗannan ne suka fashe?"

"Fashewa kuma? Maigida ne ya ce in kwaso su gida."

"Yaran ba sa cin na rumfa?"

"Allah ya kiyaye, Malam. Maigida ya ce wancan na sayarwa ne."

Gizo yana ta ƙifta mata ido, ita kuwa ta ɗauka hayaƙi ne ya shige masa.

Dila ya sa aka kawo masaki ɗaya daga rumfa, da gyaransa da zoɓonsa, aka dire gaban Gizo. "Ka ce wannan ne ƙarami, cin mutum ɗaya. Bismilla."

Gizo ya ci, ya sassauta ɗamara. Ya ci, gumi ya keto masa. Ya ci, ya kwanta a gefe yana nishi, ko gyaran bai gama ba. Ya ce a yi masa rai, a ba shi ganye ya ƙunshe.

Kurege ya ce daga baya, "Nan ake ci."

Da dariya ta lafa, Dila ya yanke. Ƙoƙuna su koma rumfa, a jera su a gaba inda kowa zai gani. Wanda ya rage abinci a ba shi ganye. "Maƙeri ba ya ɓoye kube ya ce a riƙe wuƙa ta kaifi. Wanda ya san abu har ya hana 'ya'yansa, ya kuma tura wa 'ya'yan wasu, ba zai ce ba ruwansa ba."

Jama'a suka ɗau sowa. Barewa tana tsaye tana jin abin da ake faɗa a bayanta. Baiwar Allah, yaudararta aka yi. Ba laifinta ba ne ko kaɗan. Ai ta gama nata, bana sai a ba Gada jan garke, ita ta bi cikin tsofaffi. Da tausayi ake faɗa, tausayin kuwa ya fi haƙorin Kura yi mata zafi.

Ta tako gaba. "Malam, an ba Gizo kasonsa. Ina nawa?"

Ta juyo ta fuskanci jama'a.

"Gizo bai taɓa zuwa gidana ba. Ya haƙa rami, gaskiya ne, ya kuma rufe shi da abin da uwata ta koya mini. Amma sau ɗaya ake faɗawa rami bisa rashin sani, ni kuwa kullum da ƙafata nake komawa. Uwata ta ce kada a wulaƙanta abinci. Ba ta ce in mai da cikina juji ba. Kada wanda ya ɗauke mini laifina, don wanda ya ɗauke shi ya ɗauke garken da shi. A bar ni zuwa ƙafewar tafki."

Dila ya gyaɗa kai. "Da ba ki faɗa ba, da na faɗa. Shari'a ta dawo da ƙoƙo, amma ba za ta yi miki gudu ba."

Tun daga ranar, kafin rana ta fito Barewa ta zagaya tafki. Da farko tana yi tana tsayawa, Biri yana kan reshe yana tambayarta ko a kawo mata jaki. Ta koma ciyawa, tana taunawa kamar magani, har daɗinta ya dawo. Ba ta kuma canja hanya don gudun mararraba ba. Ta gabanta take bi, kai a sama.

Gizo bai daddara ba. Ran da ta tsaya ta sayi ƙoƙo ɗaya, ya cika hannu biyu da ƙosai ya miƙo, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Gyara, ranki ya daɗe. Na san 'yar gidan mutunci ba ta mayar da hannun kyauta."

Ta sa hannu biyu ta karɓa. "Na gode, Allah ya ƙara kasuwa." Ta juya ta miƙa wa tsoho Kunkuru da ke tahowa zai saya. "Baba, ga sadaka."

Kunkuru ya karɓa ya juya gida, bai sayi komai ba. Kashegari haka, da wata tsohuwar Bushiya. Rana ta uku Gizo ya zuba mata ƙoƙonta daidai baki, ba gyara.

Tafki ya ƙafe. Garke ya taru a bakin faƙo, Kura tana kwance a tsakiya kamar wadda aka gayyata walima. Barewa ta san jikinta bai gama dawowa ba, ta san gudun bana ba na bara ba ne. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa Gada, "In kin ga ni da Kura mun kai tudun can, ki tashe su. Kada wanda ya tsaya kallona."

Ta fita ita kaɗai.

Kura ta ce, "Ƙanwata, kin rame. Wa ya ɓata miki rai?"

"Zo ki tambaya kusa."

Suka kwasa. Ta yi gabas, Kura na biye. Ta karya kudu, Kura ta yanke mata, har tana jin hucinta a cinya. Ƙirjinta ya ɗau wuta. Ta hango garke ya kai rabi, akwai wata mai tsohon ciki a baya tana ja da ƙyar. Ga hanyar gulbi a buɗe, da ta bi ta tsira. Sai ta sake karyawa ta koma cikin faƙo, ta ƙara zagaye ɗaya wanda ba ta san tana da shi ba. Da mai cikin ta shige, Barewa ta miƙe sak, ta tarar da wani kwazazzabo, ta tattara abin da ya rage mata ta tashi sama. Ƙafar baya ta daki gaɓa, ƙasa ta zube, amma ta haye. Kura ta ja birki a baki, ta tsaya tana haki.

Barewa ce ta ƙarshe zuwa gulbi. Ta tarar ba wanda ya sa baki a ruwa. Sun buɗe mata hanya, suna jira. Ta tako a hankali, kai a sama, ta sha, sannan garke ya sha.

Kura kuwa ta juya da yunwa, ta biyo ta mararraba. Gizo ya taso da murna. "Kuya, ranki ya daɗe, gaba salamun baya mugun abu. Irinki ai ba a ba ta ƙoƙo." Ya jawo masaki daga ƙarƙashin benci. An ce tun daga ranar ba ta fasa zuwa ba, shi ya sa har yau in kun ga kura za ku ga tana jan ƙugu.

To kun ji. Mai sayarwa da ya ɓoye ƙaramin ƙoƙo yana da alhaki, kuma a tsaya a kansa sai ya fito da shi. Amma ranar gudu ba ya zuwa ya ara maka ƙafa. Ku nemi haƙƙinku a wurinsa, ku kuma riƙe naku bakin.

Ƙungurus kan kusu. Wanda barci bai ɗauke ba ya tashi na kusa da shi, a shige ɗaki.