Kujera Ɗaya a Shagon Lauya

Akwai wani mai aski da kowa a layinsu yake kira Lauya, ba don ya taɓa leƙa kotu ba, sai don tsabar musu. Hannunsa yana da kyau, wannan ba a ja. Amma in ka zauna a kujerarsa ka ce yau ana zafi, sai ya kashe kilifa, injin askin nasa, ya tsaya nuna maka cewa ba zafi ake ba, jikinka ne. Mutane sun koyi yin shiru har ya gama, don ba mai son gardama da wanda ya ɗora masa reza a maƙogwaro.

Kujera ɗaya gare shi da dogon benci. Ba abin da ke ɓata masa rai kamar a taru masa lokaci guda, benci ya cika, wasu su gaji da jira su tafi da sumarsu. Kullum faɗansa ke nan, a riƙa zuwa a rarrabe, shi hannu biyu Allah ya ba shi.

Shagon yana jikin gidansu. A ɗakin baya mahaifinsa yake zaune, tsoho mai fama da asma, mai son hira kamar me. Baba ne ya koya masa aski, kuma har ya tsufa bai yarda wani ya taɓa masa gemu ba sai ɗan nasa.

Da annoba ta shigo aka kafa dokar kulle, Lauya ya rasa masu aski, ya kuma rasa abokan musu, sai ya juya kan matarsa. Daga safe zuwa yamma magana ɗaya ce: kulle ba ya rage mutuwa, jinkirta ciwon kawai yake yi. Wanda zai kamu zai kamu, in ba wannan watan ba, wata mai zuwa. To meye amfanin tsare mutane kamar kaji a akurki? Matar ba ta cika ja da shi ba, ta san halin kayanta. Amma wata rana tana shanya ta juyo ta ce:

"Baban yara, na yarda jinkiri ne. To kai me ya sa kake cewa a riƙa zuwa maka a rarrabe? Ai duk kan da zai yi suma sai ya yi."

Ya yi dariya ya ce ita ma ta zama likita, asibiti ai ba shagon aski ba ne. Ta ce gadajen asibitin ma ƙidayayyu ne, kamar kujerarsa. Ya ɗaga mata hannu ya shige ciki. Maganar ta taɓa shi, amma Lauya bai saba a kayar da shi ba, balle a cikin gidansa.

Don ya tabbatar wa kansa shi ne da gaskiya, sai ya kwashe kujera da madubi da benci ya kai ɗan sito da ke kusa da ɗakin Baba. Ya aika wa na jikinsa cewa su riƙa biyowa ta ƙofar baya. Saboda kada masu sintiri su ji ƙarar kilifa, ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Takunkumi kuwa, wa zai gyara gemu da takunkumi a fuska? Haka za su cika ɗakin, ana gumi, ana tari, ana dariya, Lauya yana ta bayani a saman kan mutane.

Baba da ya ji muryoyi, ina zai iya zama? Ya dogara sandarsa ya zo ya samu gefen benci. Matar ta roƙi mijin ya mayar da tsohon ɗakinsa. Lauya ya ce kaɗaici ya fi ciwon kashe tsoho. Shi kuma Baba ya ce, "'Yata, ƙyale ni in ji ɗumin mutane." Ta koma aikinta, ranta bai so ba.

Aminin Baba, wani tsohon tela da ke ƙarshen layi, shi kaɗai ya ƙi zuwa. Ya aiko cewa gemun ya kai ƙirji in ya so, shi yana ɗaki. Lauya ya yi ta masa tsiya, yana cewa tela ya ɗinke kansa a cikin gida.

Ba a daɗe ba Baba ya kwanta da zazzaɓi, numfashi ya soma gagararsa. Lokacin kuwa ciwon ya kai maƙura a garin. Lauya ya ɗauke shi a mota suka shiga zagayen asibitoci. Nan a ce ba gado, can a ce akwai tabarma a baranda amma tukwanen iska duk suna kan mutane. A na ƙarshe wata nas ta dube shi da jajayen idanu ta ce ya yi haƙuri ya bi layi. Ya zauna a benci, kan Baba a kafaɗarsa, yana kallon ƙofar da ba ta buɗuwa. A nan tsohon ya cika, layi bai zo kansu ba. Lauya ya yi kuka irin wanda matarsa ba ta taɓa ganin ya yi ba.

Bayan an sassauta doka, sai labari ya zo cewa tela ma ya kamu, duk da zaman ɗakin da ya yi. Cikin baƙin cikinsa, halin musun nan ya motsa a zuciyar Lauya. Ya ce wa matarsa, "Ba na faɗa ba? Jinkiri ne kawai." Ta tashi ta bar masa wurin.

Sai ga tela wata safiya ya shigo shago da ƙafarsa, ya rame, gemu buya-buya. Ya yi ta'aziyya, ya zauna a kujera. Lauya ya yafa masa ƙyalle, ya tambaye shi yadda ya ji da jiki.

"Na ga mutuwa da idona, ɗana. Ciwona ya fi na babanka tsanani, haka likita ya ce da na ba shi labari. Amma ina isa aka ba ni gado, aka sa mini iska. Ɗakin ma rabinsa ba kowa." Ya numfasa. "Da aminina ya ƙara 'yan makonni, da tare za ka yi mana askin nan."

Lauya ya dubi gefen bencin da Baba ya zauna a sito. Ya kunna kilifa, ya sake kashewa. Tela ya kama hannunsa ya riƙe.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, kada mutum ya raina jinkiri, domin wani lokaci tazarar da ke tsakanin yau da gobe ita ce tazarar da ke tsakanin samun magani da rasa shi. Rai a hannun Allah yake, amma an umarce mu da kiyayewa. Kuma wanda ya mayar da cin gardama abin alfaharinsa, ya sani zai iya riƙe rabin gaskiya ya yi ta cin nasara da ita, har ranar da ɗaya rabin zai zo ya same shi a kan wanda ya fi so.