Tuwon da Biba Ke Ɓoyewa

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Madawa mai suna Hindatu. Shekara goma sha huɗu tana aikin yara, kuma ta iya aikinta, wannan babu mai musu. Jijiyar da ta gagari kowa, ita ake kira ta nemo. Matsalarta ɗaya ce: ta san ta iya, kuma tana so kowa ya sani.

A tsakiyar daminar bara, lokacin da rumbuna suka yi fayau, ƙungiyarsu ta masu aikin sa-kai ta tura su su huɗu zuwa wani ƙauye tsakanin Buza da Allakaye. A can akwai gidan wasu mata ƴan Katolika da suka ba da rayuwarsu ga ibada da hidima, waɗanda mutane ke kira maser. Suna karɓar yara masu tamowa tare da uwayensu har su warware.

Babbarsu Maser Terez ce, tsohuwa ƴar Burkina. Ta yi shekara talatin a Adar, har Hausarta ta koma ta ƴan ƙauyen.

Hindatu ta iso da jakar kayan aikinta, tana jiran a nuna mata ɗakin magani. Sai tsohuwar ta miƙa mata tabarma.

"Ɗiyata, kwana biyun farko zamnawa da mata za ki yi. Ki wanke kofuna, ki ji hirarsu."

"Maser, ni hwa ba wankin kofi ya kawo ni ba. Ina da diflom na aikin jinya."

"Na sani. Ki zamna tukuna."

Hindatu ta zauna, amma ranta a ɓace. Komai na gidan yana ba ta haushi. Awon yaro da take gamawa cikin minti biyu, su sai sun gaisa da uwa, sun tambayi gida da gona da bisashe. Ta kira wata ƙawarta a salula tana cewa an mayar da ita ƴar aiki.

Cikin matan akwai wata Bafulatana siririya mai suna Biba, da ɗanta Walid, ɗan wata goma sha takwas, wanda ƙafafunsa suka kumbura. Ba ta hira da kowa. Kullum da hantsi sai ta bar yaron wurin maƙwabciyarta ta fice, ba ta dawowa sai la'asar.

Hindatu ta sa mata ido. Rana ta uku ta ga Biba ta juye tuwonta cikin leda, ta haɗa da ƙulli ɗaya na abincin gujiya da ake ba yaran, ta soke a cikin zane.

Ba ta je ta gaya wa Maser Terez ba. A tsakar gida Hindatu ta tare Biba, gaban mata kusan ashirin, ta fizge bakin zanen. Tuwo ya faɗi ƙasa.

"Ga abin da ya hana yaron ga tashi. Abincin ɗanki kike kaiwa kasuwar Buza? Ke wace irin uwa ta?"

Biba ta durƙusa ta kwashe tuwon da ƙasarsa, ta shiga ɗaki, ta goya Walid, ta fita. Matan suka bi ta da kallo, babu wadda ta dubi Hindatu.

Da Maser Terez ta dawo daga garka ta ji abin da ya faru, sai ta zauna a kan kujera, Hindatu ta zo ta tsaya gabanta.

"Maser, sata na kama. In ban yi magana ba, wa zai yi?"

"Mun san tana ɗauka," in ji tsohuwar. "Tun sati guda muke ƙara mata tuwo ba tare da mun nuna mun gani ba. Wanda ke saida abinci ba ya ramewa haka. Akwai wanda take ciyarwa, kuma kunya ta hana ta hwaɗi. Jiya ta fara yi mini magana. Na so ranar Juma'a in raka ta."



"Yaron ga in ya kwana biyu babu magani, ba ni da tabbas," in ji Maser Terez. "Ke kinka kore ta. Ke za ki nemo ta."

Ba su samu tafiya ranar ba, don an yi ruwa mai yawa. Washegari Mustafa direba ya ɗauke ta a mota. Ba su yi nisa ba suka tarar da korama ta cika. Awa uku suna zaune a bakin ruwa, Hindatu tana kai da kawo, tana faɗa da direba, tana faɗa da hanya. Da ruwan ya janye, mota ta kafe cikin laka. Dole suka bar ta suka hau amalanken jaki, daga baya suka taka da ƙafa cikin duwatsu, suna tambayar makiyaya.

Bayan azahar suka kai wata bukka ita kaɗai a gefen tudu. Mijin Biba ya yi arewa da shanu tun farkon damina. A cikin bukkar wata tsohuwa ce kwance, uwar mijin, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ko kofi ba ta iya ɗagawa. Nisan da Hindatu ta yi yini tana kuka da shi, shi Biba ke takawa zuwa da dawowa kowace rana, da yunwa a cikinta.

Walid yana kan cinyar uwarsa. Zawo ya kama shi, idanunsa sun faɗa, ko kuka ba ya iyawa.

Hindatu ta miƙa hannu. Biba ta juya mata baya.

"Kar ki taɓa min ɗa."

"Yana bukatar magani yanzu-yanzu."

"Ɓarauniya ba ta bukatar komi wurinki."

A Madawa, da wata uwa ta yi mata haka, da ta ɗaga murya. Nan kuwa ta ga muryar ba za ta yi mata amfanin komai ba, diflom ma haka. Yaro yana mutuwa a gabanta, tana da abin ceton sa a jaka, kuma bakinta ne ya rufe mata hanya.

Ta cire takalmi ta durƙusa a ƙasa.

"Na zalunce ki. Na yi miki ƙazafi gaban mutane ban tambaye ki ba. Ba na ce ki yahe mini yau ba. Ki bar ni in taimaki yaron, in mun koma in hwaɗi gaskiya gaban matan da sunka ji ƙaryata."

Tsohuwar ta yi wa Biba magana da Fulatanci, a hankali, kalma uku ko huɗu. Sannan Biba ta juyo, ba ta miƙa yaron ba, ta dai buɗe zanen da ta rufe shi da shi.

Da cokali Hindatu ta riƙa ɗiga masa ruwan magani, kaɗan-kaɗan, har ya fara haɗiya. Mustafa ya nemo amalanke, suka ɗora tsohuwar, suka koma su duka.

Da isarsu Hindatu ta tara matan ta faɗi abin da ta yi alkawari. Maser Terez ta ba tsohuwar gado kusa da na Biba, ba ta ƙara yi wa Hindatu maganar ba.

Kwana biyar Walid yana tsakanin rai da mutuwa. Sauran masu sa-kai suka koma Madawa, Hindatu ta roƙi ƙarin hutu ta tsaya. Ita ke juya tsohuwar, ita ke wanke ta. Duk tsawon kwanakin Biba ba ta ce mata ko sannu ba, kuma Hindatu ta san ba ta da bakin yin ƙorafi.

Rana ta tara yaron ya zauna da kansa ya karɓi abinci.

Ranar da Hindatu za ta tafi, Biba ta biyo ta har bakin mota da Walid a kafaɗa. Ta ce:

"Mi sunanki?"

"Hindatu."

"To. Tsohuwa ta ce in tambaya, don ta san wa za ta sa cikin addu'a."

Hindatu ta shiga mota. Suka kama hanyar Madawa.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, zauna ka tambaye shi. Ilimi da ƙwarewa ba sa aiki in girman kai ya rufe maka ƙofar zuciyar wanda ka zo taimako, kuma kalma ɗaya a gaban jama'a tana iya jefa rai cikin haɗari. In ka yi kuskure, ka sauko ka nemi gafara tun da sauran lokaci. Ku tura wannan labari ga ƴan'uwa, musamman masu hidimar marasa lafiya da mabukata.