Wa Ke Rufe Tagar Yakuwar Hajo?

Akwai wani bawan Allah mai suna Maikuɗi, mai gadin wani bene a unguwar Al-Ranuna a Madina. Ko a Uhudu ne? A'a, Al-Ranuna ne, don daga nan da ƙafa ake zuwa masallacin Kuba.

A ƙasan benen akwai wata tsohuwa, Hajo, da ta zo hajji tun tana amarya ta zauna. Ƙanwarta ta aiko mata da ƙullin irin yakuwa daga Maraɗi, ba a jima ba ƙanwar ta rasu. Babu sauran mai aiko wani.

Hajo ta ce sai an shuka, ga shi ana tsakiyar sanyi.

"Inna, ki bari zafi ya shigo," in ji Maikuɗi.

"Wa ya ce maka zan kai zafi?"

Sai ya kama aiki. Ya tsinto tsohuwar tagar gilashi da aka cire daga benen, ya buga akwati da guntayen katako, ya zuba ƙasa da taki, ya kifa tagar a kai. Da dare gilashi ya riƙe ɗumi. Da hantsi sai ya ɗaga ya tokare da dutse, don ranar Madina ko da sanyi ba ta wasa.

Iri ya tsiro. Sai wata rana bayan azahar ya tarar da tagar a rufe, dutse a gefe, gilashi na zufa, tsirrai sun langaɓe. Ya ce kyanwa ce, ya sa dutse babba.

Washegari ma a rufe, har an cusa tsumma a kafofin. To, kyanwa dai ba ta cusa tsumma.

Zarginsa ya faɗa kan Sabo, direban da ke ajiye mota a wajen.

"Sabo, tsakani da Allah, me yakuwa ta yi maka?"

"Wace yakuwa, ya shaihu? Wallahi na ɗauka gidan tattabaru kake ginawa!"

Suka rabu ba daɗi. Kafin mako ya zagayo rabin shukar ya ƙone.

Sai Maikuɗi ya laɓe bayan tankin ruwa. Can ga Hajo tafe da sandarta. Ta ture dutsen, ta rufe tagar, tana gunaguni: "Yaron nan mantuwa gare shi. Kullum sai ya bar su a buɗe, sanyi ya kashe mini su."

Ya fito daga bayan tankin. "Inna, ashe ke ce? Ai da gangan nake buɗewa. In an rufe da rana dahuwa suke yi."

Ta dube shi, ta dubi ganyen da suka ƙone. "Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

"Haba Inna, ni zan koya miki shuka?"

"To ga shi, kunyarka ta shanye mini rabin miya."

Ta duƙa da kyar, ta mayar da dutsen da hannunta.

Maikuɗi ya je ya nemi gafarar Sabo. Tsirran da suka rage suka yi ganye. Na manta ko da kifi aka yi miyar ko da gyaɗa, amma ban manta kwanon farko Sabo aka kai wa ba. Hajo ta ɗanɗana ta ce, "Tsamin gidanmu ne."

Darasi: Kunyar da ta hana bayani ɓarna take haifarwa, kuma kafin ka zargi maƙwabci ka tambayi na cikin gida. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na rufe abin da wani ke buɗewa, alhali duk alheri suke nufi.