Filin Ƙwallo a Gidan Jama'a

A garin Kukar Bagudu an yi wani Ciyaman, Alhaji Tukur, da ya ƙudura gina filin ƙwallo da kuɗin jama'a a kan lambunan bakin rafi. Masu lambu suka same shi a gida suna roƙo.

Ya ce, "Ku nuna mini wuri a tsakiyar gari, mai katanga da ruwa da wuta, kuma na jama'a. In babu, gobe katafila za ta shiga albasarku."

Nomau, dattijon cikinsu, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai. Sai dai mai gadin wurin yana da taurin kai."

"Ni ne hukuma. Ko wane ne, a fitar da shi."

"Har da kayansa?"

"Har da tabarmarsa. Kowa ya shaida."

"Mun shaida. To, nan ne inda muke durƙushe. Ga katanga, ga burtsatse, ga janareta."

Ciyaman ya miƙe. "Gidana kake nufi?"

"Ashe naka ne? Lokacin zaɓe ka rantse gidanka gidan jama'a ne, kai gadi kawai kake yi mana."

"Wannan ai maganar siyasa ce."

"Allah ya huci zuciyarka. Mu da muka ga simintin da aka sayo bara don filin ƙwallon a jikin katangar nan, mun ɗauka aikin ka fara."

A shekarar, albasa ta yi kyau ƙwarai.