Baƙin Ɗigo a Haƙorin Fara'a

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ke da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Matarsa mace ce mai kunya, irin wadda in baƙo ya shigo gida sai ta rasa inda za ta ajiye idonta. Allah ya ba su ƴa ɗaya. Tun kafin yarinyar ta iya zama take ƙyalƙyala dariya, shi ya sa kowa ke kiranta Fara'a, har sunan yanka ya ɓace.

Mai Hoto yana da dabara a sana'arsa. Akwai kwalbar alawa a gefen teburinsa. In aka kawo yaro ya turɓune fuska, sai ya ɗaga alawa saman kyamara, yaro ya washe baki, shi kuma ya danna. A kan Fara'a ya koyi dabarar. Kusan kullum tana shagon, alawa a kumatu, yawu mai zaƙi na zuba a gaban riga.

Ya buga hotonta babba ya manna a gilashin ƙofa, baki a washe kamar gonar auduga. Iyaye in sun zo wucewa sai su tsaya su ce a yi wa nasu irin wannan. Yakan ce Fara'a ce manajan shagon, shi yaronta ne kawai.

Uwar ce ta fara lura. Wata safiya tana goge mata baki ta ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a haƙoran gaba na sama, daf da dasashi. Daga baya ta ga yarinyar tana janye kai in ruwa mai sanyi ya taɓa bakinta. Ta daɗe tana juya maganar a ranta kafin ta faɗa.

"Baban Fara'a, ka ga haƙoranta kuwa?"

Ya leƙa, ya yi dariya. "Haƙoran yarinta ne, zubewa za su yi. Ni da nake goge ƙurajen amare a kwamfuta, wannan ɗan ɗigon ne zai gagare ni?"

Haka kuwa ya yi. A hoto haƙoran suka ci gaba da zama farare, a baki ramin yana ta faɗi.

Ranar da Fara'a ta tofar da abinci tana riƙe da leɓe tana kuka, uwar ta goya ta sai asibitin haƙori. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ba ta ce a ɗora yarinyar kan kujera ba. Ta tsuguna, ta miƙa mata ɗan madubi mai dogon hannu, ta ce ta taya ta duba haƙoran wata ƴar tsana da ta ƙi wanke baki. Fara'a ta duba, ta yi wa ƴar tsanar faɗa sosai.

Sannan likitar ta sa uwar ta zauna suna fuskantar juna, gwiwa da gwiwa. Fara'a ta kwanta a cinyar uwarta, kanta a cinyar likita, hannuwanta cikin na uwarta. Ta buɗe baki da kanta, har tana tambaya ko nata sun fi na ƴar tsana kyau.

Bayan ta gama dubawa likitar ta ce, "Maman Fara'a, ruɓar ba ta kai jijiya ba tukuna. Ana iya sa ta barci gaba ɗaya a babban asibiti a gyara, amma ba na son a kai ƙaramar yarinya ga haka sai in babu makawa. Danne yaro da ƙarfi kuwa ba na yi. Akwai wani ruwan magani da nake shafawa da ɗan buroshi, babu allura, babu injin haƙa. Yana tsayar da ruɓar. Za ku riƙa dawowa ina dubawa, a daina alawa, a riƙa goge baki safe da dare."

Uwar ta ji kamar an sauke mata dutse daga kai.

"Sai dai abu ɗaya," in ji likitar. "Duk inda ya ruɓe zai koma baƙi, kuma wanki ba ya fitar da shi. In ta ƙara wayo ta iya zama, sai mu rufe da fari a hankali. Ki yi shawara da babanta kafin in shafa."

Da ta koma gida ta tarar da yayar mijin ta zo, wadda suke kira Gwaggo. A gabanta ta yi bayani, murya ƙasa-ƙasa, tana murza bakin mayafi.

"Baƙi?" in ji Mai Hoto. "A haƙoran gaba? Ƴata ta riƙa yawo kamar wadda ta ci gawayi?"

"Ta ce ba zai yi mata zafi ba."

"Mutane su shigo shago su ga hoto fari, su juya su ga yarinya da baƙin baki. Me kike so su ce da ni?"

Gwaggo ta taɓe baki. "Likitocin yanzu da iyayi. Akwai wani mai gyaran haƙori a bayan kasuwa, yanzu-yanzu yake cikewa, fari tas, ka ɗauki ɗanka ka tafi. Yaro ai kuka abincinsa ne. Mu da aka cire wa haƙori da zare, mun mutu?"

"Amma likitar ta ce..."

"Likitar ce ta haifa min ita?" in ji Mai Hoto.

Maganar tana nan a bakin uwar, cikakkiya. Ta ga yadda yarinyar ta buɗe baki da kanta, su ba su gani ba. Amma Gwaggo na kallonta, miji na kallonta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

Ranar tafiya tana ɗaura wa Fara'a takalmi, yarinyar ta ce, "Mama, wajen Anti mai madubi za mu?"

Uwar ta kalli igiyar takalmin. "Eh."

"Ba zafi ko?"

"Ba zafi."

Wurin ɗaki ne a saman bene, benci cike da mutane, kowa da hannu a kunci. Mutumin yana sauri, ko sunan yarinyar bai tambaya ba. Ya shimfiɗa wani babban zane a kan kujera, ya ce a kwantar da ita. Kafin Fara'a ta gane abin da ake ciki an naɗe ta tun daga kafaɗa har gwiwa.

Da ta tsala ihun farko, Mai Hoto ya dafa aljihu. "Ni zuciyata ba za ta iya ba. Bari in amsa waya a waje." Ya fita ya ja ƙofa.

"Hajiya, hau kan ƙafafun nan ki danne," in ji mutumin. "In ta motsa injin ya yanke ta, ba ruwana."

Ta danne. Aka sa wani ƙarfe ya tokare bakin, aka yi allura, injin ya fara kuka. Duk tsawon aikin idon Fara'a bai bar fuskar uwarta ba. Da farko tana ƙoƙarin kiran Mama ta gefen ƙarfen. Can sai ta daina kira, ta ci gaba da kallo kawai. Uwar ta ji ɗumin fitsari ya ratsa zanen ya jiƙa mata hannu, ba ta saki ba.

Da aka kwance ta, ta zame ta ƙarƙashin hannun uwar ta ruga waje. Uban ya ɗaga ta sama, ya ɗan janye leɓenta ya ga fari tas, ya ji daɗi. Ya zaro alawa daga aljihu ya ɓare mata.

"Wa ya taɓa min manaja? Nuna min shi in rama miki."

Fara'a ta ɗaga yatsa ta nuna uwarta. Ya yi dariya har da buga ƙafa. Uwar ma ta yi ƙoƙarin murmushi, don akwai mutane a kan benci.

Daga ranar buroshi ya zama abokin gaba. Da ta ga uwar ta nufo ta da shi sai ta datse haƙora ta shige bayan kujera. Ko shinkafa ce ta maƙale mata a leɓe, ba ta yarda hannun uwar ya kai fuskarta. Abin da ke sa ta shiru alawa ce kawai, uban kuwa yana da ita kwalba guda.

Cikon da aka yi cikin kuka da yawu bai daɗe ba. Ɗaya ya faɗo a cikin kofin shayi, wani ba a ma san inda ya faɗi ba. Bayan ƴan watanni Fara'a ta tashi da zazzaɓi, leɓen sama ya kumbura har ya taɓa hanci.

Wannan karon Mai Hoto da kansa ya ce a koma wajen likitar farko. Tun daga ƙofa, da warin asibiti ya bugi hancin yarinyar, ta ƙanƙame wuyan ubanta tana ihu. Likitar ta fito da ƴar tsana da madubin, ta zauna a ƙasa a barandar, ta yi lallashi iya lallashi. Fara'a ta kaɗe madubin ya faɗi. A cikin ihun ne likitar ta samu ta hango abin da take son gani.

Mai Hoto ya gyara murya. "Likita, ki shafa baƙin nan kawai. Na yarda."

Ta ɗago ta kalle shi, babu faɗa a fuskarta. "Malam, ya wuce nan. Ruɓar ta kai jijiya, ga ƙurji a dasashi. Maganin ba ya aiki a irin wannan. Sai an sa ta barci a babban asibiti an cire na gaban guda huɗu."

"A cire? To yaushe wasu za su fito?"

"Sai ta shiga firamare, in Allah ya kai mu."

Lokacin Fara'a ba ta daɗe da cika shekara uku ba. A hanyar gida Mai Hoto ya ce laifin mutumin bayan kasuwa ne. Gwaggo da ta ji labari ta ce ƙaddara ce, kuma dama uwar ba ta iya kula da bakin yaro ba. Matar kuwa ta riga ta saba da inda laifi yake kwana a gidan.

Aka yi aikin, aka cire, kumburi ya saɓe. Fara'a ta warke, amma in za ta yi dariya sai ta sa tafin hannu ta rufe baki. In uban ya ɗaga kyamara takan juya masa ƙeya. Ya gwada da alawa, ya gwada da waƙa, har rawa ya yi mata a tsakiyar shago, ba ta waiwayo ba.

Wata rana da yamma tana gudu a tsakar gida, ta yi tuntuɓe da bokiti ta faɗi a kan siminti. Gwiwarta ta ɗaye, jini ya fara bin ƙafa. Uwar ta yar da wankin da ke hannunta ta taho da gudu.

Fara'a ba ta yi kuka ba. Ta ja da baya da mazaunai har ta jingina da bango, ta ja siket ta rufe ciwon da hannu biyu. Ta ce, "Ba zafi, Mama. Na warke. Kar ki riƙe ni."

Uwar ta tsaya cak. A hankali ta mai da hannuwanta bayanta, ta tsuguna daga nesa inda yarinyar za ta iya ganin ba za ta matso ba. Daga nan take kallon jinin yana gangarawa cikin takalmi, tana jiran uban ya dawo daga shago ya wanke mata.

Darasi: Kada tsoron abin da mutane za su ce ya sa ka zaɓa wa ɗanka hanya mai zafi alhali ga mai sauƙi. Haƙorin yarinta zai zube wani ya fito, amma yardar da yaro ya ba ka in ta zube, ba ka san ranar da za ta dawo ba. Ke kuma ƴar uwa, in kin ga gaskiya a kan ɗanki ki faɗe ta ko muryarki na rawa, don ranar da abin ya ɓaci fuskarki zai tuna. Ku rage wa yara zaƙi, ku kai su a duba musu haƙora tun ɗigo bai zama rami ba. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila wani yaron ya tsira.