Malam Irmiya da Sunan Aro

Akwai wani mutum, malamin makaranta, sunansa Irmiya. Turanci yake koyarwa a wata sakandare da ke bakin gari, ya kuwa iya aikinsa. Yaron da ya shiga ajinsa baki a ɗaure, kafin shekara ta zagayo sai ka ji shi yana gardama da Turanci a filin ƙwallo. Sai dai albashin, Allah ya kyauta. Wani watan ya zo, wani watan a yi ta jira har a gaji. Damina kuma in ta sauka, matarsa Afiniki ce ke bin ɗaki da kwanoni tana tarar yoyo.

Ana nan sai wani tsohon abokinsa mai suna Habila ya zo masa da labari. Shi Habila dillalin aiki ne, yana haɗa malamai da makarantun ƙasashen waje. Ya ce akwai wata makaranta mai zaman kanta a wata ƙasa mai nisa, can gabas, inda manya suke zuwa koyon Turanci bayan sun tashi daga aiki. Malami suke nema. Za su ba da ɗaki, su biya kuɗin jirgi, albashin kuwa Irmiya bai taɓa jin irinsa ba.

Irmiya ya shiga auna zancen. In ya dubi rufin ɗakinsa da karatun 'yarsa Godiya, sai zuciyarsa ta ce tafi. In ya tuna mahaifiyarsa ta tsufa, ga sanyin ƙasar, ga abincin da bai san shi ba, sai jikinsa ya yi sanyi. A ƙarshe dai ya ce wa Habila zai gwada.

Habila ya ce, "Madalla. Saura abu ɗaya, mutumina. Mutanen can sun fi son malamin da ya tashi a ƙasar Turawa, shi ake biya da tsoka. Na riga na gaya wa matar da ke da makarantar cewa a Ingila aka haife ka, can ka girma, daga baya kuka dawo gida. Sunan nan naka kuma zai yi musu nauyi a baki. Daga yau kai ne Jerry."

"Haba, Habila! Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba?"

"To wa zai bincika? Turancinka ya fi na wasu Turawan ma. Wa ka cuta?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta kama Irmiya. Ya juya ta, ya sake juya ta, bai ga wanda zai cuta ba. Aikin dai zai yi shi tsakani da Allah, ɗalibai za su koya, kowa ya amfana. Sai ya fara gwaji. Yakan zagaya bayan gida ya yi ta magana ta hanci, yana lanƙwasa harshe, kaji suna kallonsa. Wata rana Afiniki ta same shi a haka, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Baban Godiya, mura ce ta kama ka?"

Dole ya gaya mata kome. Sai ta ce, "Tafiyar ban ƙi ta ba. In Ubangiji ya buɗe hanya, ni da Godiya za mu jure. Amma wannan Jerry ɗin ban san shi ba. Ni Irmiya na aura."

Maganar ta yi masa zafi, don ya san gaskiya ce. Duk da haka bai fasa ba, ya ce mata ai ba ta san yadda duniya take tafiya ba.

Kafin a ɗauke shi, sai ya koyar da darasi ɗaya na gwaji ta kiran bidiyo. Ran da aka sa, ya ari kwamfutar fasto, ya zauna a ofishin coci da rana tsaka, a can kuwa yamma ta yi. Fuskoki suka bayyana: masu aikin ofis, direbobi, 'yan kasuwa, duk da gajiya a idonsu. Mai makarantar ta gabatar da shi, ta ce ga Malam Jerry daga Ingila. Irmiya ya gyaɗa kai, bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Darasi ya kankama, yana kuma tafiya daidai. Ya sa su dariya, ya sa kowa ya buɗe baki, sai wata dattijuwa da ke zaune a gefe. Da ya tambaye ta abin da ya kawo ta aji, wani ɗalibi ya amsa a madadinta. Ya ce ɗanta yana zaune a ƙasar waje, jikokinta Turanci kaɗai suke ji. In an kira ta a waya, sai dai ta yi musu murmushi su yi mata, a kashe.

Irmiya ya ba ta 'yar gajeriyar gaisuwa, irin wadda kaka za ta yi wa jika, ya ce ta maimaita. Ta fara, harshe ya sarƙe. Ta sake, ya sake sarƙewa. Wasu samari a baya suka yi 'yar dariya. Sai ta sunkuyar da kai, ta haɗa guntun Turancin da take da shi, ta ce, "Malam, kai da shi aka haife ka. Ni na tsufa. Ba zan iya ba." Ta jawo jakarta, ta fara zuba littattafanta a ciki.

A nan ne Irmiya ya ga amsar tambayar Habila. Ga wadda zai cuta, tana zaune a gabansa. Muddin ta gaskata cewa da Turanci aka haife shi, to duk ƙarfafawar da zai yi mata maganar wanda bai san zafin abin ba ce. Tausayi ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

Ya daina magana ta hanci. Ya ce a hankali, yadda za ta gane, "Mama, dakata. Ba a Ingila aka haife ni ba, ban ma taɓa ganinta ba. Sunana Irmiya. A wani ƙauye cikin duwatsu aka haife ni, a Nijeriya. Yaren uwata na fara ji, sa'an nan Hausa, Turanci shi ne na uku. Ina kiwon awaki har na yi girma kafin a sa ni makaranta, na fi kowa tsawo a aji. Ran da aka fara tsayar da ni in yi karatu, yara suka yi mini dariya, na gudu gida na ce ba zan koma ba. Mahaifiyata ce ta kamo hannuna ta maido ni. Abin da kike ji yanzu, na san shi. Zauna mu sake gwadawa."

Ɗalibin nan ya fassara mata abin da bai shige ta ba. Dattijuwa ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sa'an nan ta ajiye jakar. Suka bi gaisuwar kalma kalma har ta faɗe ta daga farko zuwa ƙarshe. Samarin da suka yi dariya su suka fara tafa mata.

Bai kai gida ba sai ga kiran Habila. "Ka kashe ni, Irmiya! Ka zubar da abincinka, ka zubar da nawa! Wa ya aike ka?" Ya kashe waya tun kafin a ba shi amsa.

Irmiya ya shiga gida. Afiniki ta ji labari, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo masa tuwo, ta zauna kusa da shi har ya ci. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari, ya koma ajinsa na da, ya cire rai.

Sai ga mai makarantar ta kira shi da kanta. Ta ce ranta ya ɓaci da aka ruɗe ta, ta kuma rabu da Habila. Ta ce albashin da aka faɗa masa ba za ta iya ba shi ba, don na waɗanda suka tashi a ƙasar Turawa ne. Haka kasuwar take, ita ma ba ta alfahari da hakan. Amma ajin manyan nan sun tsaya kai da fata cewa shi suke so. In ya yarda da abin da ya ragu, ya zo ya yi shekara guda a gani.

To, yanzu ne aka yi awo na gaskiya. Shi da Afiniki suka kai maganar gaban Ubangiji. Ya je ƙauye ya nemi albarkar mahaifiyarsa. Ya nuna wa wani lauya a cikin ikkilisiya sharuɗan aikin. Ya nemi wani malami ɗan ƙasarmu da ke zaune can, ya tambaye shi halin makarantar, da tsadar rayuwa, da inda masu bi suke taruwa. Da hankalinsu ya kwanta, ya karɓa. Ikkilisiya ta yi masa addu'a, ya tafi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Aikin ƙasar waje shi ne kowace ƙofa da ta buɗe a gabanka, ko ta aiki, ko ta karatu, ko ta aure. Ba laifi ba ne ka so ta, ba kuma laifi ba ne ka bar gida don neman abin da zai rufa wa iyalinka asiri. Habila shi ne muryar nan da ke cewa ƙofar ta yi maka ƙunci, sai ka ajiye gaskiya a waje kafin ka shiga. Rage shekarunka. Ƙara takardar da ba ka da ita. Ɓoye ƙauyenku, ɓoye sana'ar ubanka. Kullum kuma da tambaya ɗaya take rufewa: wa ka cuta? Irmiya bai ga kowa ba sa'ad da yake bayan gida shi da kaji. Sai da ya shiga aji.

Ba zan ruɗe ku ba. Gaskiya ta rage wa Irmiya albashi, ta raba shi da aboki. Wani ma zai faɗi gaskiya, waya ba za ta sake ƙara ba, sai ya jira wata ƙofar. Amma ku lura da abin da Allah ya yi aiki da shi a ajin nan. Ba lanƙwasa harshe ba ne ya zaunar da dattijuwar. Kiwon awakin ne, da dariyar da aka yi masa, da gudun da ya yi zuwa gida. Abin da ya so ya binne don kunya, shi ne kaɗai abin da take bukata daga wurinsa.

Kai ma Ubangiji bai yi kuskure ba da ya sa aka haife ka inda aka haife ka, ya bi da kai ta hanyar da ka bi. Ka auna albashi, ka auna nisa, ka nemi shawara, ka yi addu'a. In hanya ta yi kyau, ka tafi da murna. Sai dai ka tafi da kanka, kada ka aiki wani a madadinka. Inda za ka, akwai wanda ya riga ya fara tattara jakarsa don ya fid da rai, kuma labarinka na gaskiya ne zai sa ya zauna. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗinsa. Amin.